Sa'a a Kan Hanya Take Samun Mutum

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Ina gaida iyayenmu maza da mata, ina gaida matasa, ina gaida direban da ya kunna rediyo a mota da telan da ya ajiye tasa a gefen keken ɗinki. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kinkinau da maƙwabtansu na Unguwar Mu'azu da Tudun Wada da Unguwar Sanusi, har zuwa Rigasa, domin wata magana da na ji a Kinkinau ita ce ta haifi shirin yau.

Wani dare bayan sallar isha'i ina zaune a teburin mai shayi, sai wani saurayi ya zo wucewa, rigarsa duk baƙin mai, da jakar sifanoni rataye a kafaɗa. Ya yi sallama, aka amsa, ya wuce. Kowa a wurin ya san shi. A shekarun baya, in aka hango shi tafe, sai kowa ya ɗauke wayarsa daga kan tebur. Ya sha kodin, ya haɗiyi tiramol, har injin markaɗen mahaifiyarsa ya taɓa ɗauka ya sayar. Yau ga shi yana dawowa daga gareji, cikin hankalinsa, da ledar biredi zai kai gida. Da ya ba da baya sai wani dattijo ya ce, "Kai, wannan yaro ya ci sa'a." Na kusa da shi ya karɓe, "Ai rabo ne, Alhaji. Waɗanda suka fi shi gata ga su can suna tangaɗi."

A ƙarshen bencin akwai wani matashi zaune, idanunsa jajur, bai ce uffan ba. Na ga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin da zai tafi gida da shi a wannan dare: cewa fita daga shaye-shaye tamkar caca ce, wani ya ci, wani ya faɗi, babu abin yi sai zaman jira. Ƙanena, in kana jin muryata yanzu, da kai da duk wanda ke cikin irin halinka, shirin yau naku ne.

Bari mu fara da sanin girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma, kashi 12 cikin 100 ne, wato mutum kusan miliyan 3. Cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce. Muna tune da watan Mayun 2018, lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC ya tona yadda ake safararsa. An rufe wata ƙofa, amma wanda jikinsa ya riga ya saba sai ya nemi wata.

A nan Kaduna kuma mun san inda wani ɓangaren ciwon ya faro. Akwai lokacin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar dubban ma'aikata. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Yara da yawa sun taso sun tarar da iyaye a zaune, su ma suka gama makaranta suka zauna. Zaman kashe wando kuwa shi ne kasuwar dila. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Na kawo shi ne don mu san cewa wanda ya faɗa wannan rami ba shi kaɗai ya haƙa shi ba, ko da yake shi ne zai fara ɗaga hannu kafin a jawo shi.

To, me ƙwaya ke yi wa mutum har ya kasa bari? Allah ya halicci ƙwaƙwalwarmu da wani sinadari da likitoci ke kira dofamin. Shi ne ke sa ka ji daɗi in ka ci abinci kana jin yunwa, ko ka kammala aiki aka biya ka, ko ɗanka ya rugo ya rungume ka. Kayan maye suna sa wannan sinadari ya kwararo fiye da ƙima. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta son ambaliya, sai ta rage jin nata. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai biyar. Abinci ya daina daɗi, hira ta daina daɗi, kwalliyar sallah ma ta zama ba komai ba. A ƙarshe mutum ba don ya yi caji yake sha ba, yana sha ne don ya iya tashi daga kan katifa. In ya kwana bai sha ba, gaɓoɓi su yi ta ciwo, gumi ya karyo, hanci ya yi ta zuba, ciki ya ruɗe, barci ya ƙaurace. Wannan ciwo ne na gaske, ba shagwaɓa ba.

Amma ga albishir: ƙwaƙwalwar da ta koyi shan ƙwaya tana iya koyon rayuwa ba tare da ita ba. Sai dai ba ta koyo da buri. Da maimaici take koyo, kamar yadda hannun ɗan koyo ke sabawa da almakashi. Kowace rana da ka wuni ba ka sha ba, ka yi aiki, ka ci abinci, ka yi barci a kan lokaci, wani ɗan gyara ne ake yi a cikin kanka. Gyaran yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma babu mai iya yi maka shi.

Hausawa na cewa sa'a ta fi sammako. Ban ƙaryata magabata ba. Amma mu tambayi kanmu, a ina sa'a ke tarar da mutum? Ɗan kasuwar da ya haɗu da babban ciniki, a kasuwa ya haɗu da shi. Damina ta Allah ce, babu manomin da ke saukar da ruwa, sai dai ruwan farko yana amfanar wanda ya riga ya yi sharar gona ya tanadi iri. Wanda bai yi ba, ruwan nan dai shi zai sauka a gonarsa, ciyawa ta fito. Malamanmu suna yawan tuna mana da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure raƙumin sannan ya dogara. Shiriya ta Allah ce, wannan babu ja. Riƙon sababi kuwa an ɗora shi a wuyanmu.

Bayan wancan dare na nemi saurayin nan mai jakar sifanoni, muka zauna. Na ce masa, "Ƙanena, an ce ka ci sa'a." Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, Allah ne ya taimake ni, amma su ba su ga safiyar da nake fita ba." Ya ba ni labari. Bayan an sallame shi daga asibiti, ya je wajen wani bakanike ya roƙi a ɗauke shi koyon aiki. Ogan ya san tarihinsa, ya ce babu wuri. Kashegari ya koma, ya share gaban garejin, ya zauna a gefe. Aka ƙyale shi. Haka ya riƙa yi kullum, yana riga kowa zuwa, yana ɗebo ruwa, yana miƙa sifana in an nema, babu ko sisi. Ana nan, ran nan babban yaron garejin ya samu aiki a wani gari ya tafi, ga motoci sun taru. Oga ya waiwaya, wa zai gani? Ranar ce mutanen teburin mai shayi ke kira sa'a. Tafiyar wancan yaro ba shi ya shirya ta ba, daga Allah take. Amma da a ranar yana kwance a kango, da wani aka ɗauka.

Za mu ɗan dakata, in mun dawo sai mu bi sawun wannan tafiya daki-daki. Ku kasance tare da mu.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan barin shaye-shaye, da yadda mutum ke kai kansa inda taimakon Allah zai same shi.

Abu na farko shi ne buɗe baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Nemi mutum ɗaya da ka amince da shi, mahaifiya ce, yaya ne, limamin unguwa ne, fasto ne, tsohon malaminka na makaranta ne, ka ce masa, "Ina shan abu kaza, na kasa bari, ina son a taimake ni." Wannan jimla ta fi dutse nauyi a baki, amma duk wanda ya fita daga wannan hali sai da ya furta ta.

Daga nan sai asibiti. A nan ina roƙon ku saurara da kyau, domin magana ce ta rai. Akwai ƙwayoyin da ba a yanke su dare ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da roci, ko ya daɗe yana shan giya da yawa, in ya tsaya kwatsam yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa shi. Likita ne ya san yadda ake rage su sannu a hankali. Tiramol ma, musamman mai ƙarfin nan da ake sayarwa a ɓoye, shansa da yawa yana kawo jijjiga. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, yana da sashen kula da masu fama da shaye-shaye. Daga Kinkinau, ƙetare kogi ne kawai. Na san abin da ake faɗa, "an kai wane Barnawa," a yi ta zunɗe. Ƙanena, masu zunɗen nan sun riga sun gan ka kana layi a bakin titi. Gara su gan ka a layin ganin likita. Gwamnatin jiha tana da hukumar KADSAMHSA, wadda a da ake kira KADBUSA, mai aikin rigakafi da jinyar shaye-shaye. Hukumar NDLEA ma, ban da kamen dilolin da aka san ta da shi, tana da masu ba da shawara, da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040.

Iyayena, ku gafarce ni in taɓo wani miki. A watan Satumbar 2019, 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, cikin kuka, da kuɗinsu, don neman gyara. Ba ƙiyayya ta sa suka kai su ba, rasa mafita ce. Amma mari ƙafa yake riƙewa, ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Ranar da aka kwance shi, yaro zai fito da ƙishirwarsa yadda take, ga kuma ƙullaci a zuciya. Gyaran da ke ɗorewa shi ne wanda mai ciwon ya sa hannunsa a ciki.

Abu na biyu shi ne sauya wuri da abokai. Bari in ba ku wani labari daga nesa. A lokacin yaƙin Biyetnam, hankalin gwamnatin Amurka ya tashi saboda yawan sojojinta da ke shan hodar heroyin a can. Aka sa wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawun sojojin da suka koma gida a watan Satumbar 1971. Ta gano kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu da jarabar ƙwayar a fagen yaƙi. Kowa ya ɗauka za su cika titunan Amurka da maye. Sai ga shi a shekarar farko da komawarsu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar, a cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. Me ya canza? Sun bar wurin da ƙwayar ke da araha, sun bar fargabar yaƙi, sun rabu da abokan sha, sun koma cikin iyali da aiki.

Mu ma mun san wannan tun kafin masana su auna shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma a cikin hadisi akwai labarin mutumin da ya yi kisa mai yawa ya nemi tuba, malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya a cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki. Ba kowa ke da halin barin Kaduna ba, amma kowa na iya sauya lungu. In hanyarka ta zuwa masallaci ko bakin titi ta bi ta kangon da kuke haɗuwa, zagaya, ko da tafiyar za ta ƙaru. Goge lambar dila daga wayarka, in ta kama ka sauya layin gaba ɗaya. In kawunka na Zariya ko gwaggonka ta ƙauye za su riƙe ka wata uku, tafi. Abokai za su ce ka zama ustaz, za su ce kana wulaƙanta su. Gaishe su daga nesa, ka yi musu addu'a, ka wuce. Wata rana kai ne za ka zama tsanin da wani cikinsu zai taka.

Abu na uku, cike lokaci. Wanda ya bar ƙwaya yakan tarar da wani babban rami a cikin wuninsa. Awannin da yake ɓatarwa wajen neman kuɗin, da neman kayan, da sha, da barcin maye, duk sun dawo hannunsa babu abin yi da su. In bai cike su ba, ƙwayar za ta dawo ta cike. Nan ne sana'a ke zama magani. Allah ya yi wa yankinmu arzikin wuraren koyo. Ga Panteka, inda ake walda da ƙira da aikin katako da gyaran injuna. Ga Kasuwar Barci cike da teloli. Ga gareji-gareji a bakin titin Nnamdi Azikiwe. Ga masu gyaran waya, ga masu aikin gini da fenti da haɗa wutar sola. Wanda ya bar makaranta, azuzuwan yaƙi da jahilci da islamiyyun dare ba su rufe ƙofa ba. Kada ka raina farawa da shara ko miƙa guduma. Ɗari biyar ɗin da ka samu da guminka tana tayar da wancan sinadari na jin daɗi ta hanyar da aka halicce shi ya tashi, kaɗan-kaɗan, ba tare da ta rushe ka ba.

Ka tsara wuninka tun daga asuba. Lokacin tashi sananne, lokacin fita sananne, lokacin komawa gida sananne. Ka ci abinci ko ba ka jin marmari. Ka motsa jiki, ko ƙwallon yamma ce a filin makaranta. Ka san lokutan da ƙishirwar ta fi taso maka: ga wasu bayan magariba ne, ga wasu ranar da kuɗi ya shigo hannu, ga wasu bayan an ɓata musu rai a gida. In ta taso, sani cewa ba ta dawwama. Takan hau kamar zafin rana, ta kai tsaka, sannan ta sauka. Tashi daga inda kake, yi alwala, kira wani, fita cikin mutane. Kada ka yi wa kanka alkawarin shekara goma. Ka ce yau dai ba zan sha ba. Gobe in Allah ya kai mu, ka sake faɗa.

Abu na huɗu, abokan tafiya. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari da Bob Smith likita, suka gano cewa in suka zauna suka faɗa wa juna gaskiyar halin da suke ciki, sukan iya wuni ba su sha ba. Daga zaman mutum biyun nan aka samu ƙungiyar da ta bazu a duniya, inda masu fama ke haɗuwa suna ƙarfafar juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai mutum biyu ko uku a unguwarku da suka bari, ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako, a zauren wani dattijo ko harabar masallaci. Wanda ya taɓa kwana yana rawar sanyi saboda rashin ƙwaya ya fi kowa sanin abin da zai faɗa maka da ƙarfe biyun dare.

Yanzu sai maganar da mutane ba sa son ji: komawa ruwa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ce tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya sukan sake sha, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa ba. Mai hawan jini in jininsa ya sake hawa, ba a cewa ya ci amana, asibiti ake mayar da shi. Saurayin da na ba ku labarinsa ya gaya mini shi ma ya zame sau biyu kafin ƙafarsa ta tsaya. Abin da ya cece shi, kashegari ya je ya faɗa, bai ɓoye ba. In ka zame, kada shaiɗan ya raɗa maka cewa tunda an jiƙe a ƙarasa wanka. Zauna ka duba: ina nake, da wa nake, me ya ɓata mini rai? Ka toshe wannan kafa. Kuma ga gargaɗi mai muhimmanci: bayan ka yi makonni ba ka sha ba, jikinka ya daina jure abin da yake jurewa a da. Adadin da kake sha a baya ka tashi lafiya, yanzu yana iya tsayar maka da numfashi. Mutane da dama a irin wannan komawar aka rasa su.

Sai kuma gyaran abin da aka ɓata. Yarda ba ta dawowa da rantsuwa, domin an sha jin rantsuwarka. Tana dawowa ne in an aike ka da dubu ɗaya ka kawo canji cif, in ka ce za ka dawo ƙarfe tara aka ji sallamarka tara saura. Saurayin nan ya ce mini burinsa na farko da ya fara samun kuɗi shi ne ya mayar wa mahaifiyarsa injin markaɗenta. Ya yi ta tari a asusu har ya saya. Ya ce ranar da aka sauke injin a tsakar gida, tsohuwar ba ta ce komai ba, sai ta shiga ɗaki. Daga baya ƙanwarsa ta gaya masa kuka ta je ta yi. Kada ka yi fushi in an ci gaba da kulle ɗaki in ka shigo. Shekaru aka yi ana jin ciwo, ba za a warke a mako guda ba.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Na ce cikin masu sha huɗu ɗaya mace ce, amma a wuraren jinya ba a ganin mata da wannan yawan, saboda kunya da tsoron mutuwar aure ko rasa miji. Akwai matar aure da ta fara da maganin tari a gidan biki, akwai budurwar da ƙawa ta ba ta ƙwaya don ta manta damuwa. Suna sha a bayan labule, suna kuka a bayan labule. 'Yar'uwa, ciwonki yana da magani kamar na kowa. Maigida, in ka gano matarka na cikin wannan hali, kafin ka ɗauki biro ka rubuta takarda, ɗauki mayafinta ka miƙa mata ku tafi asibiti.

Mu kuma sauran jama'a, akwai tambayar da ta rage mana. Wannan da muke kira sa'a, ta hannun wa take zuwa? Ta hannun ogan da ya ce "zo ka riƙe mini nan." Ta hannun mai unguwar da ya tsaya wa yaro, da limamin da ya matsa masa a sahu, da maƙwabciyar da ta daina kiransa ɗan ƙwaya ta koma kiran sunan da ubansa ya raɗa masa. A zamanin Manzon Allah akwai wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Ran nan wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. In kana da shago ko gareji, kuma wani yaro da ka san tarihinsa ya yi ta zarya a ƙofarka, gwada shi da ƙaramin abu. Ka sa ido, ka kafa sharaɗi, amma ka gwada shi. Shi ya yi sammakonsa, saura naka.

Ƙanena na ƙarshen benci, lokaci ya kusa cimma mana. Ban san ranar da taka ƙofar za ta buɗe ba, kuma ban yi maka alkawarin tafiyar za ta yi sauƙi ba. Abin da na sani shi ne akwai abu ɗaya da za ka iya yi kafin rana ta faɗi gobe: ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiya, ko ka hau mota ka ƙetare kogi zuwa Barnawa, ko ka je ka share gaban shagon da kake son a koya maka aiki. Zaɓi ɗaya ka yi. Jibi ka ƙara. Wata rana za ka wuce ta gaban teburin mai shayi da kayan aikinka a kafaɗa, wani ya ce ka ci sa'a. Ka amsa da alhamdulillahi. Sannan ka dubi ƙarshen bencin, in ka ga wani zaune da jajayen idanu, ka koma ka zauna kusa da shi, ka gaya masa ƙarfe nawa kake fita da safe.

A nan za mu dasa aya. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba iyaye haƙuri da juriya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)